Yadda zaka sayi maganin ƙwannafi da na "wankin hanta" ba tare da ka cuci kanka ba

Shekara shida na yi ina tsaron kemis ɗin kawuna kafin na kama wata sana'ar, kuma in ka cire farasitamol da maganin maleriya babu abin da muke sayarwa kamar farin ruwan olsa da gishirin Andrews da kwalaben nan da ake cewa suna wanke hanta. Mutum zai shigo yana dafe da ƙirji ya ce "likita a haɗa min na olsa", alhali ni ba likita ba ne, kawuna ma ba likita ba ne, lasisin da ke rataye a bango na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, irin wanda hukumar kula da masu sayar da magunguna ta PCN ke bayarwa, bai ba mu damar duba mara lafiya ba balle allura. Amma haka ake kiranmu kuma haka muke amsawa, Allah ya yafe mana. To abin da na koya a zaman nan shi zan faɗa, domin kuɗin da mutane ke zubarwa a kan waɗannan kwalabe ba kaɗan ba ne, wasu ma ba kuɗin kaɗai suke asara ba.

Kafin ka fito da ko kwabo daga aljihu ka fara tambayar kanka a ina ciwon yake kuma yaushe yake zuwa. Mu Hausawa komai na ciki olsa muke ce masa, alhali abubuwa ne daban-daban. In zafi ne yake tasowa daga ƙahon zuci zuwa maƙogwaro, da ruwa mai tsami a baki, musamman in ka ƙoshi ka kwanta ko ka sunkuya, wannan ƙwannafi ne, ruwan tsamin ciki ne ke hawowa sama. In nauyi ne da kumburi da yawan gyatsa bayan ka ci abu mai maiƙo, ko ka yi wa tuwo cin gaggawa, wannan rashin narkewar abinci ne kawai kuma sau da yawa shi da kansa yake wucewa. Gyambon ciki na gaske kuwa ciwo ne kamar ana ƙwaƙule maka ƙahon zuci, wani yakan tashe shi da tsakar dare, wani in ya ci abinci ya lafa wani kuma sai ya ƙaru, yana tafiya yana dawowa makonni da watanni. Sai kuma ciwon da ke ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, mai murɗa sosai bayan cin mai, har ya harba baya ko kafaɗa, wannan ya fi kama da tsakuwar maɗaciya, kuma babu farin ruwan da zai taɓa ta ko da jarka guda ka sha.

Akwai kuma waɗanda ko ƙofar kemis bai kamata su tsaya ba, asibiti kai tsaye. Mai aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi kamar an zuba garin kofi. Mai kashi baƙi ƙirin kamar kwalta mai ɗan karen wari. Wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji in ya haɗiya, wanda ke ramewa ba dalili, wanda amai ya ƙi tsayawa, wanda idonsa ya koma ruwan ɗorawa, wanda cikinsa ke kumbura kamar mai juna biyu ƙafafu kuma suna tara ruwa. Da dattijon da bai taɓa ciwon ciki ba sai yanzu da ya haura hamsin abin ya fara masa. Sannan wanda ya fi ba ni tsoro, mai hawan jini ko sikari da ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, yana gumi, numfashi na yi masa wuya, zafin na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, dan Allah wannan kar a ba shi farin ruwan Gestid a ce ya kwanta, ciwon zuciya haka yake sajewa da ƙwannafi. Akwai wani bawan Allah da aka aiko yaro sau biyu a dare ɗaya a saya masa maganin olsa a wurinmu, da safe muka ji rasuwarsa, har yau abin bai bar raina ba.

To mu ce naka ba ya cikin waɗannan, ƙwannafi ne na yau da gobe. Magungunan da zaka tarar a kanta iri uku ne in ka tattara su, sunayen kamfani ne kawai suka yi yawa.

Na farko masu kashe tsami nan take, su Gestid da mis-mag da ƙwayoyin taunawa masu ɗanɗanon alli. Abin da ke cikinsu sinadarin magnesium ne da aluminium, wani lokaci da ɗan abin fasa iska. Cikin mintuna kaɗan zaka ji sauƙi amma aikinsu baya wuce awa ɗaya zuwa biyu, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a sha shi ne kamar awa guda bayan cin abinci da kuma lokacin kwanciya, ko sadda zafin ya taso. Ka girgiza kwalbar sosai domin maganin a ƙasa yake kwanciya, na sha ganin wanda ya shanye ruwan sama ya bar farin a gindin kwalba ya dawo yana cewa jabu muka ba shi. Ka auna da murfin awo ko cokalin da ke ciki, ba kafa kai ba. Mai magnesium da yawa yana sakin ciki, mai aluminium yana ɗaure ciki, shi ya sa ake haɗa su wuri ɗaya su daidaita juna. Gaviscon shi kuma nasa salon daban ne, wani kumfa yake yi ya zauna a saman abincin ya tare tsamin kada ya hau, saboda haka bayan cin abinci ake shansa ba kafin ba.

Wani abu da kusan ba wanda ke faɗa wa mai saye, waɗannan fararen ruwan suna kama wasu magunguna a cikin ciki su hana jiki tsotsarsu. In kana shan cipro ko tetracycline ko doxycycline ko ƙwayar ƙarin jini, ka raba su da maganin tsami da aƙalla awa biyu, in ba haka ba ka sha maganin taifod ɗinka a banza ka ce bai yi aiki ba. Mai ciwon ƙoda kuma kar ya taɓa su sai likitansa ya sani, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da magnesium da aluminium ɗin, taruwa suke.

Na biyu su ne masu kumfa, Andrews da Eno da 'yan uwansu. A nan zan ɗan daɗe domin sunan nan ya yaudari mutane da yawa. Andrews Liver Salt, kalmar tsakiyar nan hanta take nufi, sai mutum ya ɗauka duk sacet ɗin da ya kaɗa a kofi hantarsa yake wankewa. Ka juya bayan takardar ka karanta, bekin soda ce da sinadarin tsamin lemo da gishirin magnesium mai sa zawo, da sukari. Shi ke nan. Sodar ta kashe tsami ka yi gyatsa mai ƙarfi ka ji sakayau, gishirin kuma ya sassauta maka ciki in ka sha da yawa. A Newcastle ta ƙasar Ingila aka fara yin sa a 1894, zamanin da Turawa ke ɗora wa hanta laifin duk wata kasala da ciwon kai da ɗacin baki, kamar dai yadda mu yanzu muke ɗora wa basir da sanyi. A Amurka ma akwai wasu ƙwayoyi da suka yi tashe, Carter's Little Liver Pills, sai da hukuma ta yi shari'a da kamfanin shekara da shekaru har a 1959 aka tilasta musu cire kalmar hanta daga sunan domin maganin sakin ciki ne kawai. Saboda haka in ka ci naman sallah ya zauna maka, ka kaɗa sacet ɗaya ka sha, ba laifi, amma ka san abin da ka sha. Kuma cike yake da sinadarin gishiri, mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ƙoda da mai juna biyu su bar shi, wanda ya mayar da shi shayin safe kullum shi ma ya daina.

Maganar gishiri ta tuna min da kanwa. Iyayenmu in ciki ya ɓaci sai a jiƙa jar kanwa ko ungurnu a sha, kuma gaskiya tana kwantar da ƙwannafi domin 'yar uwar bekin soda ce, aiki ɗaya suke. Matsalarta ita ma gishirin ne, kuma ba ta da awo, yau ka jefa ƙanƙanuwa gobe ka jefa dunƙule. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Saboda haka Hajiya in kina da hawan jini ko kina jego ki yi hankali da ita, ba raina gado nake ba.

Na uku su ne masu rage tsamin tun daga tushe, omeprazole da esomeprazole da rabeprazole da sauran masu ƙarewa da irin wannan suna. Waɗannan ba na gaggawa ba ne, in ka haɗiya yanzu kana jiran zafi ya tafi cikin minti biyar zaka ji haushi, sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku ko huɗu kafin su kankama. Kafso ɗaya na 20mg da safe, ciki ba komai, rabin awa kafin karin kumallo, da ruwa, ba a taunawa ba a fasawa domin 'yan ƙwayoyin da ke ciki an lulluɓe su ne don su wuce ciki lafiya su narke a hanji. Da azumi sai ka tashi ka sha rabin awa kafin sahur. In ka saya da kanka ba takardar likita, kwana 14 ne iyaka, in ka gama zafin ya dawo to ba ƙarin kati kake buƙata ba, bincike kake buƙata. Akwai masu shekara uku suna haɗiyar omeprazole kullum kamar goro ba wanda ya taɓa duba su. Ranitidine kuma da aka daɗe ana sha an janye shi daga kasuwannin duniya tsakanin 2019 da 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, in ka tarar da tsohon kati a durowa ka jefar. Mata kuma ku kula da wani mai suna misoprostol, ana ba da shi don olsa amma yana zubar da ciki, mai juna biyu ko mai tsammani kar ta kusance shi.

Yanzu ga abin da ya sa olsar wasu ba ta warkewa duk da sun shanye kwalabe sun fi a ƙirga. Yawancin gyambon ciki abu biyu ke kawo shi, ba yunwa ba kamar yadda muke cewa. Na ɗaya wata ƙwayar cuta ce H. pylori da ke zama a bangon ciki, ana ɗaukarta tun yarinta ta ruwa da abinci da cuɗanyar gida, kuma ta yi yawa a ƙasashenmu. Wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano haka a farkon shekarun 1980, da aka ƙi yarda da su Marshall ya kurɓi ƙwayar cutar da kansa har ta kwantar da shi, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Maganinta haɗi ne na masu kashe ƙwayoyin cuta iri biyu da omeprazole ko ɗan uwansa, kwana 10 zuwa 14 ba fashi, kuma likita ne zai rubuta bayan gwaji. In zaka yi gwajin ka nemi na kashi ko na numfashi, domin na jini yakan ci gaba da nuna akwai ko bayan ka warke, sai a yi ta ɗirka maka magani a banza. Kuma ka dakatar da omeprazole mako biyu kafin gwajin, masu kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar ta ɓuya sakamako ya fito ƙarya.

Na biyu kuwa shi ne maganin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, asfirin, garin Alabukun, duk suna cin bangon ciki. Ɗan dako ko ɗan acaba ko mai aikin gini zai dawo da yamma jiki ya yi tsami, ya ce a haɗa masa na gajiya, a ƙulla masa ja da fari da kore a leda, cikin ƙullin nan wataƙila akwai irin waɗannan guda biyu a tare, ya watsa a baki ciki ba komai, bayan wata biyu ya dawo neman na olsa a kanta ɗaya. Mu ci riba ta gaba mu ci ta baya. In kana da ciwon ciki, duk sadda za a ba ka maganin ciwo ka ce "Malam ina da olsa fa, me ke cikin wannan?" kuma kar ka karɓi ƙwayar da aka ɓare daga katinta ba suna.

Mu dawo kan hanta, inda aka fi cin kuɗin mutane. Hanta ba tukunya ba ce da za a kankare, ita ce ma mai tace jinin, duk abin da ka haɗiya ta wurinta yake bi, saboda haka duk kwalbar da ka ƙara aiki ka ƙara mata. Bitas ɗin nan masu ɗaci da ake talla a rediyo da cikin mota a tasha da lasifika, wai suna wanke hanta da ƙoda su kashe basir su sauke sikari su ƙara ƙarfin maza duk a kwalba ɗaya, yawancinsu abin da ke aiki a ciki ganyen filasko ne ko makamancinsa mai sa gudawa. Ka sha da dare, da asuba ka yi ta zarya bayi, mai talla ya riga ya ce maka "dattin ne ke fita" sai ka gaskata. Ba datti ba ne, abincin jiya ne da ruwan jikinka. Wasunsu kuma da giya ake jiƙa su, ka duba jikin kwalbar ko akwai kalmar alcohol ko ethanol da alamar kashi cikin ɗari a gefenta, na ga dattijon kirki da ya yi wata shida yana kurɓar irin wannan bayan isha'i bai sani ba, da na nuna masa rubutun sai da ya yi salati ya zauna.

Su Livolin da silymarin da Liv.52 su kam na kamfani ne masu tsari, likitoci ma sukan rubuta su a matsayin taimako, amma ka riƙe wannan da kyau, ba sa kashe ƙwayar cutar hanta. Mai hepatitis B da ya dogara da su yana ganin magani yake sha, ƙwayar tana can tana aikinta shiru. Tonik ɗin ƙarin jini kuma shi kansa yana tayar da ciki ya ɗaure shi ya mayar da kashi baƙi, in kana sha ka ga haka ba lallai jini ba ne, amma ka faɗa wa likita ya tantance.

Na gargajiya fa? Na san za a tambaya. Rawaya da maɗaci da sabara da marke da garahuni duk mun sha muna yara, ba zan zauna in ce duk ƙarya ba ne. Amma ga yadda lissafin yake, shawarar da ake cewa jiƙo ya warkar sau da yawa hepatitis A ce ko E, waɗanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa kuma yawanci da kansu suke warkewa cikin makonni, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba, sai jiƙon ya karɓi yabo. Alhali ita E ɗin ga mai juna biyu kisa take, an ga haka a ɓarkewar da ta yi a Diffa a 2017. Kuma idon da ya yi rawaya ba abu ɗaya ke kawo shi ba, maleriya mai tsanani na yi, sikila na yi, tsakuwa da ta toshe hanyar maɗaciya na yi, maganin tarin fuka ma yakan yi wa wasu, mai shansa in ya ga haka ya koma asibitin da ke ba shi a ranar. Ba a ganewa da ido. Ga kuma hantar da ta riga ta kumbura ka ɗora mata jiƙon da ba wanda ya san ƙarfinsa, garin neman gira a rasa ido. Jariri sabon haihuwa da ya yi shawara kuwa ba jiƙo ba shanya a rana, a kai shi asibiti, domin in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Abin da ya kamata ka yi da kuɗin kwalaben nan shi ne gwajin jini, ka je lab ko asibiti ka ce a yi maka na hepatitis B da C, ɗigon jini ne kuma a ranar zaka karɓi sakamako. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da B, kuma yawancinsu lafiya lau suke jin kansu, abin baya nunawa sai ya yi nisa. In ba ka da ita ka yi rigakafi, allura uku, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Jarirai tun 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara, kuma ta farkon ana so a yi cikin awa 24 da haihuwa, ba sai bayan suna ba, wannan ku faɗa wa masu haihuwa a gida. In kuma an same ka da ita kar ka firgita ka faɗa hannun masu "kwalba uku ta wanke ta tas". Likita zai sa a auna yawan ƙwayar a jini da lafiyar hantar, a yi hoton ciki, wani ba ya ma buƙatar magani sai bibiya duk wata shida, wani kuma a ɗora shi kan tenofovir ƙwaya ɗaya kullum, wadda ke danne cutar sosai amma ba a dainawa da ka, domin in ka yanke farat ɗaya tana iya tasowa da ƙarfi. Ita C ma yanzu warkewa ake yi gaba ɗaya da ƙwayoyi cikin mako 12. Matarka da yaranka su ma a gwada su. Kuma a daina ware wa mai ita kwano da kofi, ba a ɗauka ta gumi ko cin abinci tare ko musabaha, ta jini ce da saduwa da haihuwa, saboda haka askar wanzami da ƙaho da rezar mai yankan farce da allurar da aka maimaita su ne abin tsoro. Ka riƙa tafiya da rezarka.

Sai farasitamol, wanda kowa ke ganin kamar alewa. Babba mai lafiya kar ya wuce gram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500mg, bibbiyu da tazarar awa huɗu zuwa shida, mai ciwon hanta kuwa likita ƙasa da haka zai sa masa. Inda ake faɗawa rami shi ne maganin mura da na ciwon kai da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu da wani suna, sai ka sha wannan ka sha wancan ka zarce ba ka sani ba. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna su ma gubar da ke cikinsu hanta take ci, kuma tafasa ba ta kashe ta, wadda ka ɓare ka ga ta yi baƙi ko ta yi ɗaci ka tofar, kar a ce asara a niƙa ta a ƙuli-ƙuli.

In ka tsaya gaban kanta, ka karɓi kwalin a hannunka ka duba da idonka. Lambar NAFDAC, ranar ƙarewa, lambar rukuni, sunan kamfani da adireshinsa, murfi ba a taɓa buɗewa ba. Lambar kana iya bincika ta a kundin hukumar na intanet da suke kira Greenbook, in sunan da ya fito ba shi ne a kwalin ba ka ajiye musu kayansu. Magungunan ganye da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, wannan yana nufin an duba ba su da guba a fili aka ba su izinin wucin gadi, ba wai an tabbatar suna warkar da abin da suka lissafa ba, har ma ana sa su rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin nasu ba, rubutun ne ƙanana ba mai karantawa. Kwalin da ke da wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta saƙon tes don ka tabbatar ba jabu ba ne. Maganin da ke kan tire ko baro yana shan rana tun safe kuwa ko na gaske ne zafi ya gama da shi. A Kano ma dalilin da ya sa aka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma kasuwar Dangwauro a 2024 ke nan, maganar ajiya da sa ido. In akwai famasi mai cikakken masanin magunguna kusa da kai gara ka ƙara ɗari biyu ka je can.

Sauran kuma na gida ne, ba ko sisi. Ka bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ɗaya, tara filo baya yi domin lanƙwasa ka yake ya ƙara matse cikin, ka kwanta ta hagu in zafin ya dame ka. Rage loma, rage mai da yaji, lemon kwalba da shayi mai kauri da goro da taba da shisha kowa ya lura da wanda ke tayar masa. Madara tana sanyaya na ɗan lokaci sannan tsamin ya dawo, kar ka mayar da ita magani. Da azumi kuma mu da kanmu muke jawowa, a sha ruwan ƙanƙara a bi da ƙosai da dankali da kunun tsamiya da zoɓo cikin minti goma sannan a tafi tarawi ana gyatsa, ka buɗe baki da dabino da ruwa ka yi magariba tukuna, cikin zai karɓi sauran a hankali.

Ranar da ka yanke shawarar zuwa asibiti, ka tattara duk abin da kake sha ka zuba a leda ka tafi da shi, katin da ya ƙare da kwalbar bitas da ƙullin garin da aka kawo maka daga ƙauye, har wanda kake jin kunyar nunawa. In likita ya tambaya me kake sha kar ka ce "ba komai sai ɗan na gargajiya", ka juye masa ledar a kan tebur. In ya ce sai an zura kyamara ta baki an leƙa cikin, ana yi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, da azumin abinci na wasu awowi ake zuwa, kuma aikin kansa baya wuce 'yan mintuna.